Abin da Ke Riƙe da Duniya

Yau rana za ta sake leƙo garin Tromsø da ke can ƙurewar arewacin duniya, bayan dogon duhun hunturun da ba ta fitowa, yau kuma 'yar wata tsohuwa ta faɗa wa uwarta abin da ya kawo ta.

"Mama, an samar wa Baba ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Baba fa bai san ki ba yanzu. Ko sunanki ya manta."

Tsohuwar ta miƙe. Ta naɗa wa mijinta mayafi a wuya, suka hau tudun da jama'a suka taru da burodi mai zaƙi da shayin cakulan, kowa ya fuskanci kudu.

Shekara da shekaru tsohon ya yi yana koyar da ilmin taurari. Yakan ce kullum duniya faɗawa take yi wajen rana, gudunta ne ke sa ta kuskure, sai ta zagaya. Yanzu duk wannan ya zube daga kansa.

Gefen rana ya ɓullo tsakanin duwatsu, yara suka ɗauki waƙa. Tsohon ya saki hannun matarsa, ya taka cikin dusar ƙanƙara. 'Yar ta yunƙura za ta riƙo shi.

"Ƙyale shi," in ji uwar.

Ya yi ɗan nisa, sai ya karkata kamar ana jan sa da zare. Ya ɓullo ta bayan matarsa, ya sake zagayowa, sawunsa na zana da'ira a kan farar ƙasa, ita a tsakiya.

"Ke da kika yi karatu," ta ce da 'yar a hankali, "duniya ta san sunan rana ne?"