Bargon Jikan Fari

Tsaya tukuna, ɗana, ajiye gudumar nan. Katangar da ka gama jiya za ka fasa don bulo ɗaya ya ɗan leƙo? To zauna ka ji abin da ya sami wata baiwar Allah.

Wata dattijuwa ce gwanar saƙa da kwarashi, ba ta sayarwa, sha'awa ce kawai. In ta idar da la'asar sai ta baje a tabarma, zaren ulu a tsohuwar langa, baki na hira hannu na aiki. Babu jaririn da aka haifa a layinsu da bai sa hularta ko safarta ba. Aibinta ɗaya ne, idonta ba ya yafiya. Da 'yarta ta sami cikin fari, sai ta ɗora bargon jariri, fari da shuɗi, ta kuma cika baki a gaban kowa, har da uwar mijin yarinyar, cewa ranar suna a cikin aikin hannunta za a fito da jikanta, ba a cikin tawul ɗin kasuwa ba. Ta yi watanni tana abu ɗaya har ta gama, ta ƙulle bakin zaren, ta ninke ta ajiye. Yarinya ta dawo gida ta haihu lafiya, namiji, kaka ta ce ta yi sabon ango.

Ranar suna da hantsi, maza sun watse, ana fiɗar rago, ta shanya bargon a igiya ya sha iska kafin dangin uba su iso da yamma. Tana ja da baya don ta more kallo, sai ta hango wani ɗan rami inda ta tsallake saƙa ɗaya, ramin da ko ƙwayar gero sai ta yi dabara za ta wuce. Ta kira maigidan. Ya sa tabarau, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Hajiya, ni dai bargo nake gani." Ta ce, "Malam, da ma kai yaushe ka taɓa ganin abu?" Ita kuwa saƙar kwarashi zare ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, ba a gyara ta daga tsakiya, sai an kwance ƙullin ƙarshe an warware har a iske kuskuren. Ta auna da hannu, ramin bai fi taƙi ɗaya daga baki ba. Ta ce kafin azahar ta mayar. Ta kwance ƙulli ta fara ja.

Ka san warwara da daɗi, aikin mako guda kafin ka ce kwabo ya zube. Ta iske ramin, har ta ɗauki kwarashi, sai idonta ya sauka ƙasa kaɗan, ga wani layi da ya fi 'yan'uwansa tsauri, na ranar da tukunya ta ƙone tana saƙa cikin fushi. Ta ce tunda an zo nan, a ƙarasa. Ƙasa da shi kuma ga inda fari ya haɗu da shuɗi, haɗin bai kwanta mata ba. Tunda an zo nan! Saboda sauri ba ta tsaya naɗe zaren ba, yana ta taruwa a gefen tabarma a cukurkuɗe kamar dafaffiyar taliya. Can sai wata kaza mai neman tsaba ta tsoma ƙafa a ciki. Wata mai girki ta ce "Kur!" Kaza ta zabura da zare a ƙafa, ta zaga turmi, ta bi ta ƙarƙashin kujera, ta ratsa tsakanin masu tuƙa tuwo. Baiwar Allah kuma ta ƙanƙame bargo tana salati, to ga kaza na ja ga ita na riƙe, sai bargon ya dinga tsiyayewa a hannunta tana kallo. Kafin a kama kazar a bayan randa, zare ya sha toka, ya sha ruwan wanke-wanke, abin da ya rage a hannunta bai fi faifai ba.

Tana zaune tana kwance ƙulle-ƙulle da haƙori aka rangaɗa guɗa a zaure. Uwar miji ta shigo da tawagarta, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Hajiya, ina bargon namu da ake ta ba mu labari?" Uwar mijin nan ba ta da mugunta, ta dubi tulin zaren, ta buɗe jaka ta zaro tawul ɗin kasuwa sabo fil, ta ce da ma ta riƙo shi ne ko za a buƙata. A cikinsa aka fito da jariri, mata suna ta cewa tubarkalla, tawul ya yi kyau. Wallahi abin ya yi wa dattijuwar ciwo, ta shige ɗaki ta yi kukanta, don jikan fari sau ɗaya ake yi masa suna. Da ta fito sai ta tarar wata baƙuwa ta rufe kwanon kunu da guntun da ya rage. Maigidan ya ɗaga shi, ya gyara tabarau, ya ce, "Alhamdulillahi, Hajiya, wannan kam babu kuskure a jikinsa."

To ka ji. Bar bulon nan ya yi ta leƙensa, mayar da guduma inda ka ɗauko ta. Ba a banza Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido ba.