Abin da Ya Fashe a Saman Alps

Muna saman tsaunukan Alps, saura ƙiris mu cika kilomita ɗari biyar, sai wani abu ya ce fau a bayana.

A jirgi mara inji, duk ƙarar da ba ta iska ba ce, sallama ce daga lahira.

"Kin ji?"

"Na ji," in ji matata daga kujerar baya.

"Fiffike ne?"

Ta yi shiru. Tun da muka yi aure ban taɓa jin shirunta ba, don haka na tabbatar ajali ne. Na haƙura da tafiyar da na yi shekaru ina jiran iskarta, na lallaɓa jirgin kamar mai ɗauke da ƙwai, na sauke mu a makiyayar wani manomi, tsakiyar shanu.

Ni ne fa na tsara guzuri da kaina: ayaba, yankan tuffa, busasshen burodi. Na haramta cakulan don yana narkewa, na haramta gishiri don yana kawo ƙishirwa, ga jirgi babu bayan gida.

Na fita ina shafa fiffike. Lafiya lau. Sai na ji ƙurus-ƙurus.

Tana zaune tana tauna, cinyarta duk soyayyen dankali mai gishiri. Ledar da ta ɓoye a riga ce ta kumbura a can sama ta fashe.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ranka ya daɗe, in faɗa ka yi mini wa'azi har mu isa garin Innsbruck, ba wurin gudu? Gara shanun."