Mai Amsa "Oke"

Kullum da safe wani tsohon malami yakan tura wa ɗansa saƙo, amsa ɗaya ke dawowa: "Oke."

Ya haddace ma'anoninta kamar darasi. In ta zo da wuri, yaron yana lafiya. In ta makara, aiki ne ya yi yawa. Ita ce abokiyar shan shayinsa.

Ran nan ɗan ya kira da baƙuwar lamba.

"Baba, ai na bar wancan layin tun bara. Ban gaya maka ba?"

Malam ya rubuta wa tsohuwar lambar: "Bawan Allah, wane ne kai?"

"Maraya ne, Baba. Na ji tsoron in na ƙara kalma ɗaya za ka gane, ka daina tambayata ko na ci abinci."