Bawul Ɗin da Aka Saya da Ido

Kai da kake cewa idonka ya ishe ka awo, zauna in ba ka misali. An yi wani direba mai tsohuwar mota da tsohuwar uwa. Uwar ba ta da zance sai na tafkin garinsu, inda bado yake fure a ƙarshen damina har ya rufe ruwa. Shekara talatin rabonta da shi. Ya yi mata alkawarin kai ta bana, sai motar ta fara tari. Bakanike ya buɗe kan inji, ya zaro bawul da ya ƙone, wani ƙarfe kamar doguwar ƙusa mai faɗin kai, wanda ke buɗe wa inji numfashi ya rufe. Ya ce wa direba ya tafi da shi kasuwa ya jera da sabo, tsawo da tsawo, kai da kai.

Gogan naka ya manta shi a aljihun wata riga. Komawa gida kuma ya ga nisa. Yana tsaye a rumfar mai kayan mota amma zuciyarsa tana bakin tafki, yana ganin tsohuwa ta tsoma ƙafa a ruwa tana dariya irin ta 'yan mata. Ya ɗauki wani bawul mai sheƙi, ya juya shi a rana, ya rantse shi ne sak. Da ya sayo, bakanike ya zaunar da bawul ɗin a gurbinsa, ya zuba kananzir don gwaji, kananzir ya zurara ta gefe. Ya ce, "Wannan ba ɗan gidan nan ba ne." Direba ya ce a ɗaura haka, fure ba ya jira.

Sun ci rabin hanya motar ta shaƙe, ta mutu a gindin wata tsamiya. Nan tsohuwa ta zauna, ido a lumshe, tana ba shi labarin tafkin lungu-lungu, shi kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai. Kafin a jawo motar gida a sake buɗe inji, bado ya kaɗe. Baɗi ya sake fure, amma Allah bai kai ta ba. Har yau abin yana cin sa, kuma tsohon bawul ɗin yana nan a aljihunsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.