Kifi Ɗaya Tak

Kifin ya sake kuɓucewa. Tabarau ya ji nauyinsa a hannu, ya ga azurfar cikinsa ta walƙa a saman ruwa, sai zaren ya saki. Ya jawo ƙugiyar fayau, ko guntun tana babu.

Abin ya samo asali ne daga bakin yayarsa. Ranar da ta ga ya kasa kashe kyankyaso a kicin, ta ce mutumin da ko kifin cikin bokiti ba zai iya kamawa ba, ina shi ina aure. Tabarau, wanda aikinsa gyara kurakurai ne a maɗaba'a, ba ya iya barin kuskure ya wuce. Washegari ya shiga shagon kayan kamun kifi da ke kusa da tashar mota.

'Yar mai shagon ce a bayan kantar, tana karanta wani littafi marar bango. Ta ɗago, ta sa yatsa a inda ta tsaya.

"Kifi ɗaya tak nake so in kama," in ji shi. "In kai wa Yaya, in rufe mata baki. Daga nan ni da ruwa sai a kofi."

Ta dube shi ɗan lokaci. Sannan ta ce bari ta zaɓo masa ƙugiyoyi masu kyau daga ciki, ta shige bayan labule.

Asabar ta farko kifaye uku suka ciji, uku suka tafi. Ya koma shagon da ƙorafi. Ta saurare shi da haɓa a tafin hannu, ta ce wataƙila gorar da yake kamun da ita ce ta yi tauri. Ya sayi sanda mai lanƙwasa. Da wannan ma ba ta yi ba, ya sayi zare mai siriri wanda kifi ba ya gani. Sai kwarkwaron naɗe zare mai ƙara kamar agogo. Sai dalma ƙanana da manya, da kifin roba mai ido ja, da akwati mai hawa-hawa, da hula mai faɗin baki.

Kowane zuwa sai ya ƙara ƙugiyoyi, kowane zuwa ita ke shiga ta zaɓo masa. Yakan tsaya yana jin wani ɗan ƙarat-ƙarat daga bayan labulen. Ya taɓa ba ta shawarar su nemi kyanwa. Ta yi godiya, tana gyara filastar da ba ta rabuwa da babban yatsanta.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani tsoho mai kunne ɗaya da ke zama kusa da shi a bakin tafki. Gora ce da shi tsohuwa, ƙugiya kuma daga shago ɗaya suke saye, amma kafin la'asar bokitinsa ya cika.

"Ɗana," tsohon ya ce masa wata rana, "kai ciyar da su kake zuwa yi. Allah ya ba da lada."

A gida kuwa ɗakin baya ya koma shago na biyu. Sanduna a jingine kamar masu jiran liman, akwatuna har ƙarƙashin gado. Yaya ta yi ta haƙuri, har ranar da ƙugiya ta kama gefen mayafinta tana shirin fita.

"To, alhamdu lillahi, ka yi kamu," ta ce. "Asabar mai zuwa ko ka shigo da kifi, ko in kira mai gwangwan. Keken ɗinkina na neman wuri."

Ran nan bai ci abinci ba. Ba sandunan yake ji ba, ya gane hakan yana kallon silin. Idan kayan suka tafi, da wane dalili zai riƙa tsayawa a gaban kantar nan, yana ba da labarin kifin da ya gudu ga wadda take dariya da ido kafin baki?

Ya je shagon ya faɗa mata komai, yana goge tabarau da gefen riga don kada ya ga fuskarta sosai. Ya ce ya haƙura, shi da kifi babu rabo. Sannan, da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba, ya ce ko da kamun ya ƙare, yana so ya ci gaba da zuwa. Kuma idan ba ta ƙi ba, yana so kawunsa ya zo ya gaida Babanta.

Ta rufe littafin ba tare da ta sa yatsa a ciki ba.

"Ko ka kama, ko ba ka kama ba, Malam?"

"Ko na kama, ko ban kama ba."

Ta miƙa hannu cikin kwalin da ke kan kantar, wanda kowa ke ɗiba, ta ɗauko ƙugiya ɗaya ta ajiye masa a tafin hannu. Ta ce kyauta ce.

Asabar ɗin, jifa na farko, tarwaɗa ta ciji. Ta ja, ya ja, hular ta faɗa ruwa, tsohon ya miƙe yana kabbara. Wannan karon ba ta tafi ba. Tabarau ya rungumo ta jiƙe sharkaf, ya bi ta shagon kafin gida, yana rantsuwa cewa sirrin duk yana cikin sabon kwarkwaron.

'Yar mai shagon ta taya shi murna, ta ce lallai kwarkwaro ne.

Bayan ya fita, mahaifinta ya leƙo daga ciki yana tambaya ko an ga ɗan magagarinsa na goge ƙarfe, wata da watanni yana nema. Ta ciro shi daga tsakiyar littafinta ta miƙa masa. Ta gama da shi: babu sauran ƙugiyar da za ta goge wa haƙorin da ke riƙe kifi.