Aron Alƙalami

Shekarar da na fara koyarwa muka haɗu, ta ari alƙalamina don cike takardun neman karatun lauya. Makarantu biyu suka ɗauke ta: ta garinmu, da ta nesa, inda ɗan likitan nan mai aiko mata wasiƙu yake.

Ta same ni a ofis.

"Ki tafi mana," na ce, ban ɗago ba. "Ai ana jiranki can."

"Malam, zargi babu hujja? A kotu da tuni an kori ƙararka."

Ta ajiye alƙalamin, ta fita. Na ɗauka sallama ce. Sai na ga takarda a ƙarƙashinsa: ta amsar makarantar garinmu, tawadar sa hannunta ko bushewa ba ta yi ba.