Naman Maijego a Kan Sikeli

Wata biyu da haihuwarta, mijinta ya daina kiranta da sunan da ya saba, ya koma ce mata Randa. Da farko ta ɗauka wasa ne, har dariya take taya shi.

Ita tela ce, tana ɗinki a falon gidansu da ke saman bene. Shi kuma maƙerin zinari ne, mutumin da idonsa ya saba da awo. Wata rana ya dawo daga shago da ɗan ƙaramin sikeli, ya dire shi a tsakiyar teburin cin abinci.

"Daga yau duk abin da za ki kai baki sai ya hau nan," ya ce. "Na sa manhaja a wayata mai lissafa kalori, wato ƙarfin da abinci ke zuba wa jiki. Dubu ɗaya a rana ya ishe ki."

"Maigida, shayarwa fa nake yi."

"Kitsen jikinki kaɗai ya isa ya shayar da tagwaye. Je ki dubi madubi."

Ta je ta duba. Ta daɗe tsaye, tana jan rigarta ƙasa.

Ranar Lahadi yayarta ta kawo mata ziyara da tsokar naman shanu mai kyau. Da hannunta ta yanka shi fala-fala, ta gasa a kasko da albasa, ƙamshi ya cika gidan. Tela ta ja faranti ke nan, yawunta ya tsinke, sai mijin ya soki naman da cokali mai yatsu ya ɗora a sikeli.

"Giram ɗari biyu da goma," ya karanta, yana latsa waya. "Kalori ɗari biyar da 'yan kai, ban da man da aka shafa masa. Rabin abincinki na yini ke nan a yanka ɗaya!"

Ya sa wuƙa ya fere kitsen gefe, ya yanko mata abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Sauran ya ture cikin nasa farantin.

"Haba ƙanina!" in ji yayar. "Maijego ce fa. Wane likita ne ya ce maka a yi haka?"

"Yaya, waya ba ta ƙarya. Ni mace na aura, ba katifa ba."

Shi kaɗai ya yi dariya. Tela ta sunkuyar da kai tana tauna ɗan gutsuren a hankali don kada ya ƙare da wuri. Da yayar ta ja ta ɗaki za ta yi magana, sai ta riƙe mata hannu: "Don Allah Yaya ki bari. Gyara ni yake so ya yi."

Gyaran bai tsaya a nama ba. Ya ƙirga ƙwan da ke cikin firji, ya ja layi da biro a jikin kwalbar mai. Ranar da yunwa ta ci ƙarfinta ta soya ƙwai biyu a ɓoye, ya hana ta abincin rana washegari, wai a cike giɓi.

Ta rame, shi kuma ya yi ta murna. Zare ya fara gagararta shiga allura, in ta miƙe daga kan keken ɗinki sai bango ya juya. Nono ya ja baya, jaririyar ta dinga tsala kuka.

"Haɗamar uwarta ta gado," ya ce.

Ran wata Talata da safe ta shirya kai yarinyar allurar riga-kafi. Ruwan shayi kawai ta sha. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, jaka a ɗaya hannun, ta fara sauka daga bene. A matakala ta huɗu duhu ya rufe mata ido.

Da ta farfaɗo, maƙwabciyarta ce ke yayyafa mata ruwa tana salati. Hannunta na dama ya karye. Abin da ta fara lura da shi shi ne ba ta jin kukan yarinyar.

A asibiti likita ta tambayi abin da take ci. Mijin ya miƙa waya da sauri, kamar ɗalibin da ke jiran yabo. Likitar ta yi ta jan shafin ƙasa, fuskarta na canzawa.

"Wa ya tsara maka wannan?"

Ya nuna mata manhajar da yatsa.

"Kwana arba'in kana ba mai shayarwa abin da bai kai rabin buƙatarta ba. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Yunwa ce ta kayar da ita."

Jaririyar ba ta kai la'asar ba. Kanta ne ya bugu da gefen matakala.

Kwana biyu bayan haka, Tela na kwance a ɗaki ta jiyo shi a falo yana ce wa masu ta'aziyya, "Sakaci ne irin na mata. Da ta riƙe ƙarfen benen, da duk haka ba ta faru ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta kira yayarta ta ce ta zo da mota. Suka sauko da keken ɗinkin, yayar na riƙe da ita taku bayan taku, ba ta sake hawa benen nan ba har abada.

Mai karatu, lura da abin da ake ci ba laifi ba ne, amma lissafin waya kintace ne, bai san mai ciki ba, bai san maijego ko marar lafiya ba. Kafin ka rage wa kanka ko wani abinci, tambayi likita. Wanda kuwa ya mai da cikin iyalinsa wurin gwada iko, ranar da zai gane kurensa nadama ba za ta dawo masa da komai ba.